Wa Ke Naɗa Masu Kula da Tsaftar Iska?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin kudancin Jidda ne, inda hayaƙin manyan motoci da ƙurar gine-gine ke damun mu, musamman masu asma. Ɗana da ke karatu a Amurka ya ce can kowane yanki yana da majalisar kula da tsaftar iska. Wa ke zama a irin wannan majalisa, kuma akwai irinta a nan Saudiyya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwai gaskiya a maganar ɗanka, sai dai ba kowane yanki ne ke da tasa majalisar ba, domin tsarin ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A Kalifoniya akwai irin waɗannan hukumomi 35, kuma wadda ke kula da Los Anjeles da kewayenta tana da mambobi 13. Goma daga cikinsu zaɓaɓɓun shugabannin gundumomi ne da kansilolin birane, sauran ukun kuma gwamnan jihar ne ke naɗa ɗaya, kakakin majalisar wakilan jihar ya naɗa ɗaya, kwamitin dokokin majalisar dattawan jihar ya naɗa na ukun. Hikimar abin ita ce, iska ba ta san iyakar gari ba, saboda haka duk garin da hayaƙi ke ratsawa sai an ba shi baki. Amma a ganina tsarin yana da tasa matsalar, domin kansilan da masana'antar unguwarsa ke ciyar da masu zaɓensa ba zai yi saurin ɗaga hannu a ci ta tara ba.

A Saudiyya kuwa ba a bi wannan hanya ba. Aikin yana hannun Cibiyar Sa Ido Kan Bin Dokokin Muhalli ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2019 ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma, kuma tana aiki da dokar muhalli ta 2020. Shugabanninta naɗa su ake yi, babu kujerar da mazauna unguwa ke tsayawa takara a kanta. Jubail da Yanbu, garuruwan masana'antu, suna ƙarƙashin Hukumar Masarauta da aka kafa a 1975, mai ƙa'idojin muhalli nata.

Ƙofar da ke buɗe gare ka ita ce ta kai rahoto. Ka kira lambar cibiyar, 988, ka faɗi wurin da lokacin da hayaƙin ke tashi, kuma in da hali ku haɗa baki da maƙwabta, kowa ya kai nasa rahoton tare da hoto.