Mai Jego Ta Cika a Hannuna Cikin Dare: Akwai Kaffara a Kaina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ungozoma ce a asibitin wata ƙaramar hukuma, shekarata 11 ina aiki. Wata huɗu da suka wuce ina aikin dare ni kaɗai aka kawo wata mata da ta haihu a gida, jini ya ƙi tsayawa. Na murza mata ciki, na sa mata ƙarin ruwa, na yi mata allurar da ta rage a akwatina. Babu ko leda ɗaya ta jini a asibitin, makullin sito kuma yana hannun wanda ya tashi tun yamma, wayarsa a kashe. Na kira likita, na tura mijinta neman mota. Kafin asuba ta cika, hannunta riƙe da rigata. Wani malami a unguwarmu ya ce a Malikiyya barin ceto ɗaya yake da kisa, don haka sai na yi azumin wata biyu a jere. Yau kwana 16 ke nan ina yi, sau biyu jiri ya kwashe ni a bakin aiki. Ba na barci. Yanzu har tsawa nake yi wa masu naƙuda, ba na jin komai a raina. In ci gaba da azumin? In ajiye aikin? Albashin ma ji nake kamar haram nake ci.

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah Ya jiƙan wannan baiwa tasa, Ya raya abin da ta bari, ke kuma 'yata Allah Ya sanyaya miki zuciya.

A bisa abin da kika bayyana, babu kaffara a kanki, babu diyya, albashinki kuma halal ne. Azumin yau idan kina iyawa ki ƙarasa shi, gobe kada ki ɗaura niyya. Kwanakin da suka wuce muna fatan Allah Ya ba ki ladansu.

Hukuncin kisan kuskure a aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i, wato diyya da kaffara, sananne ne, haka hadisin da ya ɗora lamuni, wato alhakin biyan ɓarna, a kan wanda ya shiga aikin magani ba da sani ba. Ke mai sani ce, an ba ki izinin aikin, hannunki kuma bai ɓata komai ba. Wannan babu saɓani a cikinsa.

Maganar malamin unguwarku ce take buƙatar a tsaya a kanta, domin tana da asali, ba ƙirƙira ya yi ba. Shehu Halilu a Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, cikin babin yanka, ya lissafa waɗanda lamuni ke hawa kansu saboda abin da suka bari: wanda ya ƙi ceton rai ko dukiyar da ke shirin halaka, wanda ya hana zaren da za a ɗinke raunin da ya huda ciki, wanda ya hana ragowar abinci ko ruwa ga mai matsananciyar larura. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ɗora diyya a kan mutanen da wani ya roƙe su ruwa suka hana shi har ya mutu. To amma ki dubi misalan nan ɗaya bayan ɗaya. Mai zare, zaren na hannunsa. Mai ruwa, ruwan na tulunsa. Kowannensu ya samu iko, sannan ya ƙi. A kan ikon nan aka gina mas'alar gaba ɗaya, idan aka zare shi babu abin da ya rage. Ke kin ce makullin yana aljihun wani, jinin kuma babu shi sam. Me kika hana? Abin da ke hannunki kin ba da shi har allurar ƙarshe. Wanda ya nemi abu ya rasa ba a kiransa mai bari, a Malikiyya ko a waninta. Hanafiyya da Shafi'iyya ma ba sa ɗora diyya a kan bari zalla, zunubi suke ɗorawa, shi ma ga mai iko.

Da malamin ya ƙarasa karanta wurin, da ya ga inda maganar ta dosa. Halilu ya ce mai kayan yana da haƙƙin kuɗinsa idan mabuƙacin yana da shi. Wato a ba da tukuna, kuɗi ya biyo baya idan akwai. Saboda haka tambayar tana kan wanda ya kulle kayan gaggawa ya tafi gida, da wanda ya tsara a bar mace ɗaya da ɗakin haihuwa dare guda, da wanda ya kafa dokar sai an nuna rasit kafin a taɓa mai zubar jini. Dokar ƙasa ma ta yi magana: sashe na 20 na Dokar Lafiya ta 2014 ya hana a ƙi ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, tare da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. Ina roƙon 'yan'uwana masu amsa tambayoyi su ji tsoron Allah a irin wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa a shekarar 2020. Idan duk wadda ta cika za a ɗora wa ungozomar da ta tsaya a kanta azumin wata biyu, wa zai yarda ya tsaya?

Fatawar za ta canza a hali ɗaya: idan akwai abin da ba ki faɗa ba, kamar an tashe ki kin ƙi tashi, ko maganin na hannunki kika ce sai an biya. Idan akwai, ki sake rubuto mini, ƙwararrun aikinki su tantance ko jinkirin ne ya jawo rasuwar. Amma "da na yi kaza" da ke zuwa miki tsakar dare ba hujja ba ce, Annabi (SAW) ya ce ita ke buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki.

Ciwon da kike ji masana sun san shi. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Jonathan Shay, ya bayyana shi a shekarun 1990 daga tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam, daga baya likitoci suka gane shi a jikinsu. Ya bambanta da gajiya, domin gajiya hutu na warkar da ita. Wannan miki ne da ke samun wanda ya san abin da ya dace, aka ɗaure masa hannu, waɗanda ya amince da su suka bar shi. Zafinsa alama ce zuciyarki da rai, ba shaidar laifi ba ce. Kin nemi hukuncin da za ki ɗora wa kanki don ki ji sauƙi, shi ya sa kika karɓi azumin da gudu. Shari'a kuwa ba ta yarda mutum ya ƙago wa kansa uƙuba ba, balle uƙubar da za ta sa ki faɗi da jariri a hannu.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne tsawar nan. Wancan daren ba ki da laifi, amma wannan a hannunki yake. Mai naƙuda ba ita ta tafi da makulli ba. Ki tuba daga wannan, wadda kika iya samu ki nemi yafewarta. Ki kuma sani bushewar zuciyar da rashin barcin wata huɗu suna daga cikin ciwon, saboda haka ki je wurin likitan ƙwaƙwalwa kamar yadda kike tura wasu. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma raunin tawakkali ba ne. Idan har tunanin cutar da kanki ya taɓa gilma miki, ki gaya wa mijinki ko mahaifiyarki yau, a kai ki asibiti ba sai gobe ba.

Batun ajiye aiki, ya halatta, amma ba na so ki yanke shi kina cikin wannan hali. An hana alƙali hukunci yana fushi, malamai suka haɗa da yunwa da gyangyaɗi, ke kuma duka suna tare da ke. Ki nemi hutunki, ki nemi a cire ki daga aikin dare na wani lokaci. Idan kin dawo, ki rubuta abin da ya faru a daren dalla-dalla, ki miƙa wa shugabar ma'aikatan jinya, ki ajiye kwafi. Ku haɗu da abokan aikinki ku nemi a ajiye akwatin gaggawa a ɗakin haihuwa, makullinsa a hannun mai aikin dare, a kuma riƙa zama bayan kowace rasuwa ana duba inda aka samu giɓi ba tare da neman wanda za a wulaƙanta ba. Wannan shi ne hani ga mummuna gwargwadon ikonki. Ki kiyaye sirrin marigayiyar, kada labarinta ya fita a Facebook ko WhatsApp. Idan zuciyarki na son yi mata wani abu, ki yi mata addu'a, ki yi mata sadaka, ki kuma leƙa jaririn idan danginsa za su ji daɗin hakan.

Allah ne Mafi sani.