Sun Ce In Sa Hannu A Yi Bincike Da Ɗana

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara bakwai ne muƙamuƙinsa ya kumbura, kafin mako uku fuska ta karkace, haƙora suna girgiɗi. A asibitin koyarwa suka yanki 'yar tsoka suka auna, suka ce ciwon daji ne mai suna Burkitt. Yanzu sun kawo mini takarda in sa hannu, wai suna wani bincike tare da wata jami'ar ƙasar waje. Yayana ya ce kada in kuskura, gwaji za a yi da yaron kamar yadda aka yi a Kano, in ɗauko shi mu koma gida a yi na gargajiya. Na rasa abin yi. Wani uba daga Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya tashi kafaɗun yaro, ya ba ku juriya kai da mahaifiyarsa.

Magana biyu ce aka haɗa maka wuri guda, magani da bincike. Takardar binciken kana da ikon ka sa hannu, kana da ikon ka ƙi. Amma don Allah kada ka fitar da yaron nan daga asibiti. Irin wannan daji yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma yadda yake saurin girma haka yake saurin jin magani. Na sha ganin yaron da aka kawo ba ya iya rufe baki, miyau na dalala, bayan 'yan kwanaki da soma allura ta jijiya ya zauna yana shan kunu da kansa. Maganar da ake yi cewa daji ba ya son allura ta ci mana yara da yawa. Tsaga da sakiya kuwa ba abin da suke ƙara wa kumburin sai miki.

Ban ga laifin yayanka ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a binciken da aka sa yara 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta yin laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A 2007 Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, waɗanda suka wajabta sai kwamitin sa ido ya amince kafin a fara, sai kuma an yi wa iyaye bayani sun yarda. Takardar da ke hannunka ke nan.

Maganin da za a ba ɗanka kuwa, ta irin wannan haɗin gwiwar aka samo shi. A 1958 wani likitan tiyata, Denis Burkitt, a asibitin Mulago na Kampala, asibitin koyarwa na Makerere a Yuganda, ya wallafa bayanin yara masu irin wannan kumburi. Daga baya ya bi asibitocin gabashi da kudancin Afirka a mota yana tambaya, ya gano cutar ta fi yawa inda zafi da ruwan sama suka yi yawa, wato inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1961 wani masani, Anthony Epstein, ya saurari laccarsa a Landan, ya roƙi a riƙa aiko masa da tsokar ta jirgi. Wata rana hazo ya karkatar da jirgin zuwa Manchester, samfurin ya iso a makare, ruwansa ya gurɓace. Da aka duba, ashe ƙwayoyin dajin ne suka ɓalle suna yawo a ciki da ransu. Daga nan aka samu renonsu, har a 1964 aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a cikinsu, bairus ta farko da aka alaƙanta da daji a jikin ɗan Adam. Mu ma da hannunmu a ciki: Farfesa Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a asibitin jami'ar Ibadan, yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972 saboda warkar da wannan cuta da allurai.

Asibiti ke da marasa lafiya da masu jinya, jami'a ke da ɗakin gwaji da masu bin sakamako shekara da shekaru. Kuma muna da buƙata ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu daji suna warkewa, a ƙasashe irin namu da yawa ba su kai 30 ba. Allurar da jikin yaron Turai ke ɗauka tana iya kayar da yaron da ya zo da tamowa da zazzaɓi, don haka dole a auna abin da ya dace da namu a nan, a kan gadajenmu.

Abin da ke ci mini rai shi ne haɗin gwiwar da ake kwashe samfuri a tafi, shiri ya ƙare, magani ya yanke. Saboda haka ka tambaya, ba rashin kunya ba ne. Ka ce a karanta maka takardar da Hausa. Sabon magani za a gwada, ko kuwa maganin da aka saba ne, jini da bayanai kawai za a ɗauka? Ina za a kai tsokar, me za a yi da ita? Wane kwamiti ya amince? In wata illa ta taso, wa zai biya jinya? Doka ce in ka ƙi sa hannu, a yi wa ɗanka magani kamar kowa, in ka shiga kuma kana iya janyewa. Ka karɓi kwafinka ka adana, ka tafi da yayanka ya ji da kunnensa.

In kumburi ya saɓe kada ku ce an gama, sai an cika zagayen allurai duka, in ba haka ba yana dawowa da ƙarfi. Gashi zai zube, zai kuma fito. Zazzaɓi ne ba a jira da shi: ko tsakar dare jikinsa ya yi zafi, ku mayar da shi asibiti. In kuɗi ya yanke, ka nemi ofishin walwalar marasa lafiya tun kafin ranar allura ta zo.