Yaro ya yi allurar maleriya, a cire gidan sauro?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki ya karɓi allurar rigakafin maleriya, surukarki kuma ta ce a naɗe gidan sauro tunda zafi ya yi yawa a ɗaki. Kada ki naɗe shi. Allurar tana rage yawan kamuwa da kuma tsananin ciwon, amma ba ta toshe hanya gaba ɗaya. Tun 2019 aka fara ba yara ita a Ghana da Kenya da Malawi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutuwar yaran da suka kai shekarun karɓarta ta ragu da kashi 13 cikin 100. An samu wannan ragin ne alhali ana ci gaba da kwana cikin gidan sauro da shan magani.

Sharaɗin shi ne a cika allura huɗu. Ta huɗun ce aka fi mantawa, domin lokacin yaro ya fara gudu, uwa ta daina zuwa awo. Duba katinsa yau. Mu da ke unguwar Aboabo a Ghana mun san yadda kwata take cika da damina, kafin magariba sauro ya cika tsakar gida. In jikinsa ya yi zafi, kada ki ce ai ya yi allura, ki kai shi a gwada jininsa ranar. Hajiya surukarki kuwa ki lallaɓa ta, ki nemi ta raka ki awo ta ji daga bakin nas.