Juya Rigar Ciki Waje Kafin Ka Dubi Tambarin

Ka ce da ni, "Maigida, yaya ake bambance rigar polo ta ainihi da jabu, tunda ko wacce ga kada ko doki a ƙirjinta?" To ɗana, tambarin nan da ya ɗauke maka ido, a kansa mai yin jabu yake ƙarar da ƙoƙarinsa, don ya san nan mai saye zai fara kallo. Inda yake tsimin kuɗi shi ne yadi da kwala da cikin riga. Can za ka fara.

Kama yadin ka murza tsakanin yatsu. Tun daga 1933, lokacin da René Lacoste, ɗan wasan tanis na Faransa, ya fara fitar da rigarsa kasuwa, saƙar auduga ake yi mata mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, don iska ta ratsa. Ta ainihi tana da ɗan nauyi a hannu, ramukan a jere suke, girmansu ɗaya. Ɗaga ta wajen haske. In ka ga wani wuri kauri wani wuri shara-shara, ko tana ƙyalli da santsi alhali an rubuta auduga zalla, an cakuɗa ta da zaren roba. Amma ka kula, kamfanonin kansu suna yin na roba don masu motsa jiki, kuma suna rubutawa. Abin zargi shi ne rubutu ya faɗi ɗaya, hannunka ya ji wani.

Sai kwala. Ni a nan na fi daɗewa, domin kwala mai kyau tana da wuyar saƙawa. Ja bakinta a hankali ka saki. Ta kirki za ta koma yadda take nan take, ta kwanta lif, kunnuwanta biyu tsawo ɗaya. Ta jabu ko dai ta yi laƙwas, ko ta nannaɗe tun ba a kai ta wanki ba. Haka bakin hannu.

Yanzu juya ta ciki waje. Bi ɗinkin kafaɗa da na hammata da yatsa, ka duba kalmasa, ka duba 'yar tsagar nan ta gefe ko an ƙarfafa bakinta. Sawun allura ya zama ƙanana, tazara ɗaya, ba zare na reto. Sannan ka dubi bayan tambarin. Dokin kamfanin Ralph Lauren, wanda rigarsa ta polo ta fito a 1972, a jikin yadin ake ɗinka shi kai tsaye. A ta ainihi za ka rarrabe ƙafafun dokin da linzami da sandar mahayin, bayansa kuma tsaf. A jabu sau da yawa mahayi da doki sun dunƙule, baya kuwa cunkus da zare, har yadin ya tattare a gefe. Kadan Lacoste a rigarsu ta asali, wadda suke kira L.12.12, daban ake yin sa sannan a ɗinka shi a kai. Yana fuskantar dama, haƙoransa farare, cikin bakinsa ja, kuma kana iya ganin ƙumban ƙafarsa.

Maɓallan wannan rigar ta Lacoste na ɓawon wata halittar teku ne, ramuka biyu, ba suna a jiki. Ɗora ɗaya a leɓenka za ka ji sanyi, in ka karkata shi launinsa yana sauyawa. Roba ba ta yin haka. Rigunan maza kuma Lacoste da lamba yake auna su, 3, 4, 5, zuwa sama.

Akwai abu biyu da nake so ka kiyaye, don kada ka kunyata kanka gaban mai kaya. Ganin an rubuta Sin ko Biyetnam ko Peru ba hujjar jabu ba ce, manyan kamfanonin nan suna ɗinki a ƙasashe da dama. Kuma U.S. Polo Assn., mai mahaya biyu, kamfani ne mai zaman kansa. Kayansa halal ne, sai dai haramun ne ka sayar da shi da sunan Ralph Lauren.

Ƙyallen wanki na ciki, karanta shi baƙi-baƙi, kuskuren rubutu kan tona asiri. Daga 2019 Ralph Lauren ya fara sa lambar QR da ake ɗauka da waya ta kai ka shafinsu. Tana taimakawa, amma lamba ma ana kwafarta, don haka ka duba ko launi da samfurin da wayar ta nuna sun yi daidai da abin da ke hannunka.

Alama ɗaya ba ta yanke hukunci, sai uku ko huɗu sun haɗu. In dila ta iso, ka ajiye ta ainihi guda a gefenka, ka riƙa shimfiɗa su kwala da kwala. Wadda zuciyarka ba ta kwanta da ita ba, ware ta ka kawo mini kafin ka sa ta a rataya.