Gonar da 'yan'uwa biyu suka saya tare, ɗaya ya rasu

Assalamu alaikum. Malam, ka ce kai da yayanka kun haɗa kuɗi kun sayi gona, Allah ya yi masa rasuwa, sai wani ya shaida maka cewa tunda sunayenku biyu ne a takardar ciniki, gonar ta zama taka gaba ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Rabonsa bai dawo hannunka ba, ya zama gado tun ranar da ya cika.

Maganar da aka gaya maka tana da asali a dokar Ingila, inda akwai wani nau'in mallakar tarayya da idan ɗaya ya mutu wanda ya rage yake haɗe dukiyar duka, har wasiyyar mamacin ba ta isa ta hana ba. Amma gadon Musulmi a Jigawa da Kano kotun shari'ar Musulunci ce take raba shi bisa mazhabar Malikiyya, kuma a wurinta abokin tarayya ba ya gadon abokinsa don kawai sun yi tarayya.

Na ga wannan a gidanmu. Mahaifinmu da baffanmu sun sayi fadama tare a wani ƙauye na ƙasar Ringim, suna noma ta gandu. Da mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, baffa ya ci gaba da noman, yana ciyar da mu daga amfaninta, kuma ban taɓa zarginsa da mugun nufi ba. Sai dai ba a auna ba, ba a rubuta komai ba, domin kowa yana jin nauyin tayar da maganar gado a gaban mutumin da yake riƙe da marayu. Kafin mu girma, biyu daga cikin shaidun cinikin sun rasu, an naɗa sabon dagaci, 'ya'yan baffa kuma sun tashi suna ganin fadamar ta ubansu ce. Sai da muka je gaban alƙali, dattijo ɗaya da ya rage ya ba da shaida, sannan aka fitar da rabin mahaifinmu. Abin da har yau yake yi mini ciwo shi ne mahaifiyarmu ta rasu ba ta karɓi tumuninta ba, wato ɗaya bisa takwas na gadon mijinta.

A rabon yayanka, bayan an biya bashinsa an zartar da wasiyyarsa wadda ba ta wuce sulusi ba, matarsa tana da ɗaya bisa takwas idan ya bar 'ya'ya, mahaifiyarku tana da ɗaya bisa shida. Idan ya bar ɗa namiji, ko mahaifinku yana raye, kai ba ka da komai a ciki. Idan kuwa 'ya mace ɗaya ya bari tare da mata da uwa, ana kasa rabonsa kashi 24: 'yar ta ɗauki 12, uwa 4, mata 3, sauran 5 su koma ga 'yan'uwansa shaƙiƙai, kai ma kana ciki.

Shawarata ita ce ka tara mai unguwa da liman da shaidun ciniki tun suna raye, a rubuta abin da kowannenku ya zuba, a kai wa alƙali ya fitar da rabon kowa. Ba dole ba ne a yanka gonar. Za ku iya ci gaba da noma ta tare muddin an san kason marayu a kowace kaka. Idan magadan suka sayar wa bare kafin a raba, kana da haƙƙin shufu'a, wato ka biya kuɗin da aka saya ka karɓa, amma kada ka yi shiru har shekara ta wuce kana gari. Takardar mallakar gonar ƙauye kuma, bisa Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ƙaramar hukuma ce take bayarwa, don haka bayan hukuncin alƙali ku je can a sa sunayen magadan.