Amsa ga ɗan ƙanwata mai son zuwa Landan saboda manhajar jirgin ƙasa

Ɗana, saƙonka na uku ke nan a wata guda, jiya kuma mahaifiyarka ta kira ni a kai. Ka ce kana son zuwa Landan yin digiri na biyu, ka haɗa manhajar waya da za ta riƙa gaya wa mutanen Abuja minti nawa ya rage jirgin ƙasa ya iso tasha, ka sayar da ita ka rage kuɗin makaranta. Zan amsa maka a nan ne don na san ba kai kaɗai ke wannan lissafin ba.

Abin da ka gani a wayata da na zo sallah, jirgi zai iso nan da minti 3, ba gwanintar mai haɗa manhaja ba ce. Hukumar sufurin Landan, TfL, ita ke sakin bayanan zirga-zirgar jiragenta kyauta ga duk wanda ya yi rajista. Da waɗannan bayanan Citymapper, manhajar da ke nuna wa fasinjoji hanya da lokacin isowar jirgi, ta fara. Duk wanda ya iya aikin zai haɗa irin taka cikin makonni kaɗan. Ni ma na haɗa a shekarata ta farko, ina fitowa daga aikin dare a gidan kula da tsofaffi, idona kamar an zuba barkono, in zauna gaban kwamfuta har azahar. Wani kamfani ya gan ta, ya kira ni, ya ba ni aikin gwaji na kwana biyar ba ko sisi. Na miƙa musu, daga nan ko gaisuwata ba su sake amsawa ba. Har yau abin yana ci mini rai. Sai da na shekara uku kafin na samu kujerar da nake kai, kuma ba wanda ya ɗaga mini waya.

Batun sayarwa ma ka cire shi daga ranka. Bizar ɗalibi ba ta yarda ka yi sana'ar kanka ko ka buɗe kasuwanci ba. Aikin albashi awa 20 ne a mako lokacin karatu. Kuɗin lafiya kaɗai fam 776 ne kowace shekara, ana biya tun kafin a buga maka biza, ba a zo maganar haya ba tukuna.

Abin da manhajarka ke buƙata yana Abuja, kusa da gidanku. Jirgin cikin gari da aka buɗe a Yulin 2018 ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai dawo ba sai Mayun 2024. Kana Kubwa, tashar Gbazango ba ta yi maka nisa ba. Ka sayi littafi, ka hau zuwa Idu, wata rana ka wuce har filin jirgin sama. Ka rubuta lokacin da jadawali ya ce da lokacin da jirgin ya tsaya a gabanka, kullum, wata guda. Ka tambayi ma'aikaciyar da ke sauri da jakarta me take son sani kafin ta bar gida. Ka yi tunanin yadda fasinjoji da kansu za su riƙa danna “ya iso”, da yadda manhajar za ta buɗe a ƙaramar waya ba tare da ta cinye data ba, da Hausa kuma.

Jirgin Kaduna kuwa ka bi shi a hankali. Bayan harin 28 ga Maris 2022, nuna wa kowa inda jirgi yake a tsakiyar daji ba abin wasa ba ne. Ka tsaya kan lokacin isowa Idu, Kubwa da Rigasa, kuma ka nemi izinin hukumar jiragen ƙasa a rubuce.

In littafin ya cika ka ɗauki hoton shafukan ka turo mini. Ranar Lahadi bayan la'asar ba na aiki, sai mu duba tare. Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata ban ƙi ba.