Amsa ga mai tambayar maganin kaskar da ya ƙi kashe kaska

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ka zuba wa shanunka maganin gadon baya mai fluazuron, yau kwana biyar kaska na nan daram, kana tambaya ko jabu aka sayar maka, ko kuwa ka ƙara zubawa. Don girman Allah kada ka ƙara, kada kuma ka bi shi da wani abu. Ina karanta rubutunka gabana ya faɗi, domin a daidai wannan gaɓar aka cuce ni.

Shi wannan ba irin su amitraz da cypermethrin ba ne, da za ka fesa da safe yamma ta yi ka ga kaska na zuba. Jikin saniya yake shiga, kaska ta tsotse shi tare da jini. Ƙaramar kaska ba ta girma sai ta yi saɓa, to shi aikinsa ya hana ta haɗa sabon ɓawo, sai ta mutu a tsakani. Manyan da kake gani sun riga sun gama saɓarsu, za su ƙoshi su faɗi abinsu, amma yawancin ƙwan da za su zuba ba zai ƙyanƙyashe ba. Guda ɗaya kuwa tana zuba ƙwai sama da 2,000. Irin kaskar da aka yi maganin dominta kusan kwana 21 take yi a jikin saniya daga hawa zuwa faɗuwa, saboda haka sai bayan mako biyu zuwa uku za ka ga jiki ya washe.

Haka likita ya yi min bayani, na zuba, na yi tafiya Kano. Ranar kasuwa yaron da ke min kiwo ya je sayen kanwa, wani mai baza magani a tabarma ya tare shi, ya ce an damfari maigidanka, maganin da bai kashe kaska a yini ba ruwa ne. Ya ɗura masa wani farin abu a gorar ruwa, ba takarda ba suna, wai haɗi na musamman. Daga baya muka gane maganin feshin wake ne. Yaro ya wanke min shanu da shi da tsakar rana. Da na iso bayan isha'i na tarar da bunajiyata, mai ɗan maraƙi, a kwance tana dalalar da yawu, jikinta na kakkarwa, tana zawo. Muka kwana a kanta da tocila, ɗan yana zagaya ta yana kuka. Kafin asuba sai wuƙa, naman ma likita ya ce a binne. Na je wajen mutumin nan, wallahi ko gezau bai yi ba, yana ƙirga canjinsa ya ce min "Alhaji, ai ajali ne." Har yau yana nan a gindin bishiyar nan da tabarmarsa, mutane na layi. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ka yi haƙuri na kauce. Shanunka akwai waɗanda ake tatsa? In akwai, ba a zuba musu shi, domin a kitse yake zama yana fita a nono. Wanda za ka sayar wa mahauta shi ma akwai kwanakin jira, makonni ne, ka duba jikin kwalbar. Da nauyi ake auna shi, ba da ido ba. Irin mai kashi 2.5 cikin 100 galibi mililita 1 ne ga kowane kilo 10. Kada ka zuba hadari na haɗowa.

Kuma wace kaska ce ma a jikin shanun naka? In babbar nan ce mai ado a baya, wadda ke maƙalewa a hantsa da ƙarƙashin wutsiya da farkon damina, mai jawo kirci, ita da girmanta take hawowa daga ciyawa, ƙuruciyarta ta yi ta a jikin wasu dabbobin. Wannan maganin ba zai raba ka da ita ba. Cirewa da hannu kowace safiya, yadda Fulani ke yi, har gobe ba a bar shi ba. Waccan ƙaramar da ke rufe saniya kamar an watsa mata gero, wadda a Yammacin Afirka aka fara ganinta a Kwaddebuwa a 2007, daga baya aka gan ta a Benin da Nijeriya, ita ce abincin wannan maganin.

Masu kifi, ku ma ku ji: danginsa ne ake sa wa kifin salmon a abinci a Norway saboda ƙwarƙwatar ruwa, kuma yana illa ga ƙaguwa da jatan lande, don su ma saɓa suke yi. Kada a wanke kwalbar a rafi ko tafki.

Ka ja wa yaran kiwonka kunne tun yau, kada su karɓi komai a hannun kowa. Sannan ka ɗauko hoton kaskar, ta kusa, ka turo mu gani.